Ɓauren Jael

A tashar bas ta Najma da ke Doha, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, Mudasiru, wani mahauci ɗan Zangon Kumasi, ya ji wata nas mai suna Jael tana lallashin tukunyar da ta rungume da Hausa.

"Baiwar Allah, da tukunya kike magana?"

"Da ɓaure nake. Irin na ƙasar sanyi ne. Lokacin korona na saya, in kai Jos ranar da zan koma gida."

"Na sanyi, a Doha?"

"Sanyin esi yake sha a ɗakinmu ba dare ba rana. Abokan ɗakina sun gaji da kwana cikin rigar sanyi, suka ce sai dai ɗayanmu ya fita."

"Kika fito da shi."

"Mu biyun muka fito."

"Ya taɓa yin 'ya'ya kuwa?"

"Ƙwaya ɗaya. Happiness, abokiyar ɗakina, ta cinye tana kallon ƙwallo."

"Khalas, shi ke nan, kawo shi. Muna da ɗakin sanyi na ajiye nama a wurin aikinmu."

"Ni fa? Da wannan gasar ko lungun kwana ba a samu."

"Yaya, ɗakin nama ne fa."

Jael ta gyara riƙon tukunyar. "Sanyin ya kai na Jos?"