Inda Na'ura Ke Neman Suna

A tashar Dakoro, ana jiran motar Maradi ta cika, wani dattijo ya leƙa takardar da wata budurwa ke bita.

"Ɗiyata, tun ɗazu kike maimaita abu guda. Addu'a ce?"

"A'a, Baba. Jarrabawa gare ni gobe, ta aikin ordinater, wato kwamfuta. Darasi guda ne ya hana ni sakat: yadda na'ura ke neman suna."

"Sunan mutum?"

"Na mutum ko na wata na'ura. Akwai wani rubutu cikinta, nsswitch, shi ke gaya mata inda za ta fara dubawa. Sai ta duba rajistarta ta gida, in babu ta tambayi ta waje."

"To ni an ce babu ni. Sau biyu ina tasowa daga Korahane neman katin ɗan ƙasa. Mai biro ya buga Ango Sa'adu, ya ce na'ura ba ta san ni ba. Ta tambayi wajen kuwa?"

"Ban sani ba, Baba. Wani lokaci akan rubuta mata cewa in ta duba farko babu, ta tsaya nan. Ko kuwa in farkon bai amsa ba ne? Wallahi nan na faɗi bara."

"Ke ma ba ki gane ba?"

"Sun cakuɗe mini."

Dattijon ya gyara zama.

"To ki dage ki ci, ɗiyata. In kin ci, ki ce mata ta ƙara tambaya gaba. Ba wanda bai san ni ba garinmu."