Shuni Ba Dauɗa Ba Ne

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni marini ne a Ƙaraye. Ɗana Sani yana elemantare, yakan taya ni rini. Ran Litinin wajen duba tsafta, malaminsu ya ɗaga hannun yaron mai shuni gaban 'yan aji, ya ce ga ƙazami. Yaron ya dawo ya dirji hannun da dutse har jini, wai shi da makaranta har abada. Na ce ba ka isa ba! Shuni gadonmu ne. Gobe zan raka shi, in shiga layi, a duba nawa hannun. Ina gaida marinan Rogo. Malamai kuwa ku ba ni amsa: yaron da aka karya wa zuciya, da me zai ɗauki karatu?