Lallen Hajiyarmu da fensirin Levenshulme

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Rabi ce daga Levenshulme a Manchester.

A zaɓen da ya wuce can gida, mahaifiyata ta wuni a layi. Da aka zo kanta, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi yatsanta, wai lallen bikin jikarta ya rufe zanen. Za a gwada fuskarta ke nan, batir ya mutu. Haka ta koma gida ba ta yi zaɓe ba.

Ni kuwa da na je zaɓen ƙaramar hukuma a nan, takarda aka miƙo mini, ga fensir ɗaure da zare. Wallahi sakin baki na yi.

Ina gaida 'yan'uwa na Erdington. Don Allah masu sauraro ku ba mu shawara: Hajiya ta daina lalle ne, ko ta daina zaɓe?