Takwando a Bayan Ɗakina

Malam mai gabatar da shiri, barka da aiki. "Yaya, sati biyu kawai, kafin in samu fili." Haka ƙanena Sabi'u, malamin takwando, wasan faɗan nan na shuri da naushi, ya ce ranar da ya buɗe makarantarsa a bayan ɗakina. Yau damina uku.

Jiya ɗalibansa suka rataye buhun geron da na ajiye na iri, suka yi ta shurinsa har ya fashe, kaji suka yi walima. Na yi magana, ya rusuna wai, "Yaya, buhun ne ba shi da horo."

Sabi'u, na san kana ji. Ka kwashe mutanenka kafin Juma'a. In ba haka ba zan shigo aji da taɓarya, mu ga ko baƙar ɗamararka ta gwanaye za ta tare ta.

Rabi, daga Kwandiko.