Abin da Na Kasa Faɗa a Gaban Baba Mamman

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Sunana Rifkatu. Kun san ni da zaman bencin baya, ba ku cika jin bakina ba. Yau zan yi magana, domin shiru ya taɓa kai ni bakin kabari.

Da ƙuruciyata na yi aiki a Madina, a wani kamfani mai wanke zannuwan gado na otal-otal ɗin alhazai. Mu da ba Musulmi ba, wurin aikinmu da ɗakunanmu duk a bayan gari suke, wajen iyakar Harami. Babu coci, babu fasto. Addu'a a zuci ake yin ta, hannu na kan guga. Boko ban yi nisa ba, Turanci ba na ji, Larabci kuwa sai ɗan na gaisuwa.

A can ciwon ya same ni. Jini ne, 'yan'uwa. Ya zo kamar na al'ada, ya ƙi ɗaukewa.

Duk wanda ya kwanta a cikinmu, shugaban ma'aikata ne ke kai shi asibiti, shi ne kuma tafinta, don likitan Ba'indiye ne, da Turanci yake magana. Shugaban namu Baba Mamman ne, dattijon Damagaram mai farin gemu, sa'an mahaifina. Mutumin kirki ne, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai 'yata.

Likita ya yi tambaya, Baba Mamman ya juyo ya ce, “'Yata, ina ke miki ciwo?”

Na dubi gemun nan, bakina ya mutu. A gidanmu wannan magana ko gaban yayanki namiji ba kya yin ta, balle gaban uba. Na sunkuyar da kai na ce jiri ne da kasala. Shi kuwa ya faɗa wa likita daidai abin da na ce, bai ƙara ba, bai rage ba. Aka ba ni maganin ƙarin jini. A hanya ya tsaya ya sayo mini hanta da dabino, ya ce in ci in yi ƙarfi. Ina ci ina hawaye, yana zaton kewar gida ce.

Haka muka yi ta komawa, ni ina cewa jiri, su suna ƙara magani, ana ta ɗiban ruwa da kwando. Wata rana na yi ƙarfin hali na kama hannun nas, 'yar Filifin, na nuna mata marata. Ba ta gane ba, sai ta leƙa ta kira Baba Mamman ya zo ya fassara. Na ce ba komai.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na daina addu'a. Na ce ya kawo ni ƙasar da ba ni da baki ya manta da ni.

Wata safiya ina ninke farin zane, na ga na ɓata ƙasa. Na ja jiki zuwa bayan gida na durƙusa, idona yana ganin duhu. Na ce, “Yesu, Kai ka san abin da ke ƙarƙashin zanena. Ni na kasa faɗa. Ko ka buɗe bakina, ko ka aiko wadda zan iya faɗa wa. In ba haka ba a ƙasar nan za a binne ni, uwata ba ta san abin da ya kashe ni ba.” Daga nan ban san inda kaina yake ba.

Na farka a asibiti, Baba Mamman na tsaye a bakin gado. Sai ga wata mata cikin baƙar abaya tana bin gadaje tana yi wa marasa lafiya sannu da Hausa. Hajiya Balaraba ce, Bakanuwa, matar wani mai haɗa magunguna da ke zaune a unguwar Bani Harisa. Ashe su matan likitoci da ma'aikatan lafiyarmu na gida sun tsara a tsakaninsu, suna karɓa-karɓa suna zuwa yi wa talakawan mata tafinta, ba a biyan su. Ranar layinta ce.

Ta dube ni, ta dubi dattijon, ta ce, “Baba, a ɗan ba mu wuri.” Ya fita. Ta ja labule ta zauna kusa da kaina. “Ke, ni ma mace ce. Tun yaushe yake zuba?”

'Yan'uwa, ban ma faɗa mata ba ta gane! Na fashe da kuka na zayyana mata komai. Ba ta tambayi addinina ba. Ta kira likita ta juya masa maganata, na ga ya dafe kai. Ya ce ƙari ne a mahaifa, da an sani da wuri da an iya ceto ta, amma yanzu sai an cire ta duka. Hajiya ta riƙe hannuna ta faɗa mini haka, ba ta yi mini kwana-kwana ba. Na tambaye ta ko zan haihu nan gaba. Ta ce a'a, amma zan rayu.

Da Baba Mamman ya ji, sai ya zauna a ƙasa ya ce, “Ashe ni ne katangar.” Har na bar ƙasar bai ƙara haɗa ido da ni ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Ga ni nan, furfura ta fito, ban taɓa goyo ba. Duk ranar da aka kawo jariri gaban bagadi ina tafi tare da ku, amma zuciyata tana ciwo, kuma Ubangiji ya san da haka.

Duk da haka ina gode masa. Ya ji addu'ar da aka yi masa a bayan gida, ya aiko mini da mace mai jin harshena a ranar da zan mutu. Halleluya! Ku dogara gare shi, yana ji. Kuma ina roƙon ku, in za a kai 'yar'uwa asibiti ba ta jin yaren likita, mace ta raka ta. Kada ku bari wata ta tsaya a nan da hannu wofi irin nawa. Amin.