Ranar da Ƙafar Jirginmu ta Ƙi Fitowa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Rahila, ɗiyar Inna Saratu, ga ta can zaune tana kallona da idanunta biyu!

Tun ina ƙarama nake zama bakin tafkin Madarumfa ina kallon tsuntsaye, ina fatan in tashi kamar su. Amma ba zan ɓoye muku ba, tun da na tafi jami'a na daina addu'a. Majami'a ma don Inna nake zuwa, in riƙe mata hannu, saboda yanar ido ta hana ta gani.

Bara aka samo mana wuri a wani ƙaramin jirgi daga Maraɗi zuwa Yamai, inda za a yi mata aiki. Mu biyar ne har da matuƙi. Murna kamar in yi waƙa! Ina ta ba Inna labarin gonakin hatsi, sun koma kamar tabarmi.

Da muka kusa sauka, sai jirgi ya yi ta kewaya. Matuƙi ya ja wani ƙarfe da hannu har gumi ya jiƙa rigarsa. Ya juyo ya ce da faransanci tayoyi sun maƙale, a kan ciki za mu sauka. Can ƙasa na hango jajayen motocin kashe wuta.

Inna ba ta jin faransanci. Na kasa gaya mata. Na ce kawai, "Inna, an ce mu cire takalma, mu sunkuyar da kai bisa gwiwa."

Ta ce, "Madalla! Ashe direban mai tsoron Allah ne. Ke kike da boko, ɗiyata, ja mu cikin addu'a."

Ita a saninta, wanda ya cire takalmi ya sunkuya, addu'a zai yi. Shekara huɗu ban buɗe baki ga Ubangiji ba. Na ce, "Yesu, na manta da kai, kada ka manta da mu. Ka bar Inna ta ga haske." Nan kuka ya ƙwace mini. Inna ta damƙe hannuna ta ɗora daga inda na tsaya.

Sai ƙara! Ƙarfe yana gurzar ƙasa, ƙura ta rufe tagogi, jirgi yana ta jan ciki, yana ta jan ciki, har muka tsaya. Babu wuta. Babu wanda ya ƙwarzane. Halleluya!

Inna ta ce, "Amin. Amma yaron nan bai iya birki ba."

Bayan aiki, da aka kwance mata ido, na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallon fuskata, ta ce, "Na ji tsoro cikin muryarki. Shi ya sa na ce ki ja mu."

Godiya ga Allah da ya sauke mu lafiya, ya kuma maido ni gida. 'Yan'uwa, ko kun daɗe ba ku kira shi ba, ku kira shi yau. Yana ji!