Hawainiyar Shakira

A tashar motocin Djougou da ke Parakou, ana jiran mota ta cika. Wani dattijo mahauci ya ɗora kwali mai huji a cinyarsa. Hajiyar da ke gefensa ta leƙa ciki.

"Malam, hawainiya ce wannan? Ta magani?"

"Ta kiwo ce, Hajiya. Ta 'yata Shakira ce. Da ta koma Djougou sai ta bar mini ita."

"Ai ta yi baƙi ƙirin don wahala. Me kake ba ta?"

"Tsoka zalla, daga teburina na kasuwar Arzèkè. Har hanta na yanka mata, ko kallo ba ta yi ba."

"Hanta! Malam, ba kyanwa ba ce fa. Suna nan cike a gonarmu ta kaju, na san halinsu. Sai abin da ke motsi take ci, fara ko ƙuda. Ruwa ma ba ta sha a kwano, sai ka yayyafa a ganye ta lasa. Tsawonta da wutsiya ya kai tafin hannu biyu, ka cusa ta a kwalin sabulu? Keji mai tsayi take so, da reshen hawa. Kuma a daina yawan taɓa ta."

"Haka uwar ɗakinta take. Ita ma ba a taɓa ta."

"To, don wannan za ka je har Djougou? Ai da ka tambaye ta a waya."

Dattijon ya gyara murfin kwalin.

"Ba ta ɗaga wayata, Hajiya. Amma in ta ga wannan a haka, dole ta buɗe ƙofa."